Yadda ake zaɓen gilashin kyamarar midiyam fomat: jagora ga masu hoto na Unguwar Boro da kewaye

Daga ƙarshen Nuwamba har shigowar sabuwar shekara, da wuya Asabar ta wuce a Unguwar Boro, Sabon Tasha, Kamazou ko Narayi ba a yi biki ba. A wannan kakar ce mai hoto yake ganin kuɗi a hannunsa, a nan kuma zuciya take fara raya masa cewa Canon ko Nikon ɗinsa ta yi masa kaɗan. Wasu daga cikin ƙannenmu a sana'a har sun fara hangen midiyam fomat, wato kyamarar da farantin ɗaukar haskenta ya fi na ful firem girma. Ban ga laifin hangen ba. Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne, duk wanda ya zo neman shawara tambayarsa ɗaya ce: wane gilashi ne ya fi kaifi? Daga nan sai ya kwashi ribar Disamba ya sayo mafi tsada, ya dawo shago, ya tarar amarya ba ta shiga cikin hoto sai daga ƙugu zuwa sama. A wannan rukunin kyamara kusan duk gilasan zamani masu kaifi ne. Abin da ke raba mai amfani da marar amfani shi ne faɗin ɗakinka, ƙarfin hannunka da irin filashar da kake aiki da ita.

Ga bambancin a lamba. Farantin ful firem milimita 36 ne da 24. Na Fujifilm GFX, da Hasselblad X, da Pentax 645Z kusan milimita 44 ne da 33. Na fim kuwa sun fi haka nesa ba kusa ba. Fim mai lamba 120, wanda Kodak ta fito da shi a 1901, yana ba da hoto 15 ko 16 a kyamarar 645, hoto 12 a ta 6x6, hoto 10 a ta 6x7. Da irinsa tsofaffin masu situdiyo na Afirka ta Yamma suka yi suna, kamar Malick Sidibé na Bamako da Rolleiflex ɗinsa.

Abubuwan da za ka tanada

Tef ɗin awo irin na magina. Tocilan mai farin haske, ko na waya. Katin ajiya naka da batir mai cikakken caji. Filasharka da abin tayar da ita. Abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, ko na aro ne. Kwamfuta mai babban allo, domin ƙaramin allon bayan kyamara yana ɓoye aibi. Sai hotunan bukukuwa biyar na ƙarshe da ka ɗauka. Waɗannan su ne suka fi komai muhimmanci, za ka ga dalili a mataki na biyu.

Mataki na 1: San gidan da kyamararka ta fito

Kowane kamfani da bakin kyamararsa, gilashin wani ba ya hawa na wani kai tsaye. GFX tana ɗaukar gilasan GF, Hasselblad X1D da X2D suna ɗaukar XCD, Pentax 645 da Pentax 6x7 ma ba baki ɗaya ba ne ko da yake uwarsu ɗaya. A gidan Mamiya akwai tarkon da ya kama mutane da yawa: gilashin RB67 yana aiki a kan RZ67, amma na RZ67 ba ya aiki a kan RB67, saboda shotarsa ta lantarki ce, jikin RZ ne yake ba ta umarni. Rolleiflex da Yashica Mat-124G kuwa gilashinsu a kafe yake, wanda ya saye su ya gama zaɓe tun a nan. Idan fim kake nufi, kafin ka sayi komai ka fara samun wanda zai wanke maka 120 ya kuma mayar maka da shi cikin kwamfuta, domin ɗakunan wankin hoto sun koma bugun dijital.

Mataki na 2: Koyi karanta lambar gilashi

Lambar da ke jikin gilashi ba ta nufin abin da ka saba gani. Tunda faranti ya fi faɗi, gilashi ɗaya yana kwaso wuri fiye da yadda zai kwaso a ful firem. A kan GFX ko Hasselblad X, ka ninka lambar da 0.79. Ke nan GF mai milimita 63 yana gani kamar 50 ɗin da ka sani, mai 45 kamar 36, mai 80 kamar 63, mai 110 kamar 87, zum mai 32 zuwa 64 kamar 25 zuwa 51. A fim na 645 ninkin wajen 0.62 ne. A 6x7 kuwa raba lambar biyu kawai za ka yi: mai 90 na RB67 tamkar 45 ne, mai 180 tamkar 90.

Yanzu buɗe hotunan bukukuwan nan biyar a kwamfuta, ka duba bayanin kowanne, ka ga a wace lamba ka fi ɗauka. Kada ka duba waɗanda ka fi so kai, duba waɗanda masu biki suka zaɓa aka sa a firem, suka biya. Yawancin masu yin wannan binciken suna mamakin ganin cewa abincinsu yana tsakanin 35 da 50 ne, alhali zuciyarsu tana wajen 85. Lambar da ta ciyar da kai ita za ka nema wa takwara a midiyam fomat.

Mataki na 3: Auna shagonka kafin ka duba farashi

A nan nake so ka daɗe. Shagunan da muke haya a bakin titin Kachia da cikin unguwa ba don hoto aka gina su ba. Da yawa ƙafa 12 ne da 12, wato wajen mita 3.6 kowane gefe, kuma a ciki akwai tebur, firinta da benci. Mutum a tsaye da ɗaurin gwaggwaro ko doguwar hula, tare da ɗan sarari sama da ƙasa, yana buƙatar tsawon mita 2.2 a cikin hoto. Lissafin tazarar da za ka tsaya ba shi da wuya: ninka tsawon da kake so da lambar gilashi, ka raba da 44, wato tsawon farantin GFX, idan ka tayar da kyamarar tsaye.

Da mai 110, sai ka ja baya mita 5.5. Da mai 80, mita 4. Da mai 63, mita 3.2. Da mai 45, mita 2.3 ko ƙasa kaɗan. Kada ka manta wanda ake ɗauka ba ya jingina da labulen baya, sai ya matso gaba mita ɗaya don kada inuwarsa ta faɗi a kai, kai ma kana buƙatar wurin tsayuwa. A ɗaki mai mita 3.6 abin da ya rage maka bai wuce mita 2 da 'yan kai ba. To ka ga mai 110 a irin wannan shagon hoton fuska da kafaɗa kawai zai yi, mai 63 zai tsaya wajen gwiwa, mai 45 ne kaɗai zai kawo takalmi, shi ma da ƙyar. Wasu suna buɗe ƙofar shago su tsaya a baranda, 'yan Keke Napep suna yi musu hon. Da rana dabara ce, da yamma ko ranar ruwan sama ba ta ci.

Haka lissafin yake a hoton taro, sai dai kyamara a kwance. Layin mutum goma sha biyu kafaɗa da kafaɗa ya kai mita 6. Da mai 63 kana buƙatar fiye da mita 8 a gabansu, da mai 45 mita 6, da zum a kan 32 mita 4 da rabi. Duk wanda ya taɓa ɗaukar zumuntar mata da ankonsu a harabar coci bayan sujada, motoci a ajiye ta ko'ina, ya san mita 8 ba kullum ake samu ba.

Sai dai kada wannan ya tura ka can ƙarshen faɗi. Gilashi mai 23 ko mai 30 yana kwaso kowa, amma yana miƙe waɗanda suke gefe, fuskarsu ta baje, jikinsu ya ƙara ƙiba. Uwar amarya da ta ga kanta haka ba za ta tambayi sunan gilashi ba, za ta ce ka ɓata ta. Idan dole ta sa ka yi amfani da mai faɗi, tara mutane tsakiya a layi biyu ko uku, ka bar gefe ga bango da furanni, ka riƙe kyamara daidai ƙirji ba tare da karkata ta sama ko ƙasa ba. Haka nan kada ka matsa kusa da fuska da mai 45 don cika hoto, hanci zai yi girma, kunne ya ja baya. Tazara ce take gyara siffar fuska, shi ya sa ake son dogon gilashi a hoton kai.

Wata riba da ba a cika ambata ba: farantin GFX huɗu bisa uku ne, daidai da firem mai inci 12 da 16 ba tare da yanka ba, kuma ɗan kaɗan ake yankewa a 8 da 10 ko 16 da 20. Ful firem dogo ne siriri, a irin waɗannan firem ɗin sai an datse kai da ƙafa. Saboda haka gilashin da lissafi ya ce kamar 50 yake, a takarda zai ba ka wuri fiye da yadda ka saba samu bayan yanka.

Mataki na 4: Ɗauke shi a hannu, ka yi tunanin ƙarfe shida na yamma

Bikin wannan yanki yini guda ne. Da sassafe kana gidan amarya wajen kwalliya, da hantsi kana coci, daga azahar kana filin liyafa ƙarƙashin rumfuna har rana ta faɗi. GFX100S giram 900 ce, GF mai 110 giram 1,010, jimla kusan kilo 2, nauyin ledar fiyawata huɗu ke nan rataye a wuyanka, ba a sa filasha ba. Mai 80 giram 795 ne, zum mai 32 zuwa 64 giram 875, mai 45 zuwa 100 ya ɗan haura kilo. A ɗaya gefen, mai 63 giram 405, mai 45 giram 490, mai 50 giram 335. RB67 da gilashinta ta haura kilo 2 da rabi, ita wurinta kan mai ƙafa uku.

Nauyi ba zancen gajiya kaɗai ba ne. Hannun da ya gaji rawa yake yi, kuma faranti mai megafiksel 51 ko 102 ba ya yafe rawa. Tsohuwar ƙa'idar nan ta daidaita saurin shota da lambar gilashi ba ta isa a nan, ninka ta biyu ko uku: da mai 110 kada ka sauka ƙasa da 1/250. Duba kuma ko jikin kyamararka yana da na'urar hana rawa. GFX 50S ta 2017 da 50R ta 2018 ba su da ita, GFX100, 100S da 50S II suna da ita. Mai tsohon jiki ya fi dacewa da gilashi marar nauyi, ko mai na'urar a cikinsa kamar 45 zuwa 100 da mai 120.

Gwada saurin fokas ma. Mai 63 gabansa yana fita yana komawa, da ɗan ƙara, ba shi da hanzari. Mai 80 ma ba gwanin gudu ba ne. Mai 50 da mai 110 sun fi su saurin kamu. Jikkuna masu megafiksel 51 kuma sun fi masu 102 jinkiri, musamman a duhun coci. Shigowar amarya da rawa, liƙi, masu rawar bikin Afan a Kagoro ranar 1 ga Janairu, ko dawakin hawan Sallah a Zariya, duk wannan aikin ful firem ɗinka ne. Kada ka sayar da kyamarar.

Mataki na 5: Tambayi inda shota take

Wannan ne matakin da sababbi ba su ma san da shi ba. A wasu kyamarori shota tana cikin jiki, a wasu tana cikin gilashi. Wadda ke cikin jiki tana da iyakar saurin da za ta yi aiki da filasha: GFX 1/125, Pentax 6x7 ta 1969 kuwa 1/30 kacal. Wadda ke cikin gilashi tana tafiya da filasha a kowane sauri: gilasan RB67 har 1/400, na Hasselblad 500C/M har 1/500, na XCD har 1/2000, wasu sababbi ma fiye.

Ga inda abin ya shafe ka. An fito daga coci da tsakar rana, amarya cikin farar riga, ango cikin baƙar kwat, rana a tsakiyar kai ta zuba inuwa cikin kwarmin ido. Dole ka cika fuska da filasha. A ISO 100 da 1/125, hasken ranar Kaduna zai tilasta maka tsuke ƙofar haske zuwa wajen f/16. Ke nan f/2 ɗin da ka biya kuɗi mai yawa dominsa ya tashi a banza, motoci da masu sayar da ruwa na baya duk sun fito tar. Mai shotar cikin gilashi a 1/2000 zai buɗe zuwa f/4 a wuri ɗaya. Mai GFX yana da mafita biyu: filta mai rage haske mataki biyar ko shida, ko filasha mai tsarin HSS, wato tsarin aiki da shota mai sauri, wanda ke cin ƙarfin filasha da batir sosai. Idan filta za ka saya, lura da bakin gilashi: mai 45, mai 50 da mai 63 duk milimita 62 ne, mai 80 da mai 110 da zum 32 zuwa 64 milimita 77 ne. Zaɓen gilasai masu baki ɗaya yana rage kashe kuɗi.

Mataki na 6: Kada buɗaɗɗiyar ƙofa ta ruɗe ka

Kowa yana son bayan hoto ya narke. Amma mai 110 a f/2, daga tazarar mita 2, abin da yake fitowa da kaifi bai wuce kaurin santimita 5 ba. Ido ɗaya ya fito, ɗan kunne da sarƙa sun dushe. Ango yana bayan amarya da taku guda, shi ma ya dushe, kuma sau da yawa shi ne mai biyan kuɗi. Ga mutum biyu ka tsuke zuwa f/5.6, ga layi biyu ko uku f/8 zuwa f/11. Da ka wuce f/16 kaifi yana fara raguwa ko'ina, saboda haske yana bazuwa in ya bi ta ƙaramar kafa. Idan yawancin aikinka tsakanin f/5.6 da f/11 yake, kamar yadda aikin situdiyo yake, to zum mai 35 zuwa 70, wanda bai kai giram 400 ba, zai ba ka hoton da abokin ciniki ba zai bambanta da na gilashi mai tsada ba. Mai 110 ya fito a 2017 a kan kusan dala 2,800, mai 63 kusan 1,500, mai 50 ya fito a 2019 a kan kusan 1,000. Ka mayar da su naira da canjin yau ka ga yawan bukukuwan da za su biya bambancin.

Kaifin ma yana da tasa wahalar. Yana fito da zaren leshi da ƙyallin shadda yadda za ka ji daɗi, yana kuma fito da kowane ƙurji da inda hoda ta tsage. Lokacin gyara a kwamfuta zai ƙaru, fayil ɗaya na megafiksel 102 kuma yana iya kai megabayit 200. Ga wanda wuta ba ta zama a layinsu, wannan kuɗin man janareta ne.

Mataki na 7: Tsofaffin gilasai da adafta

Tunda GFX tana da shota a jikinta, ana iya ɗora mata gilasan Mamiya 645, Pentax 645, Pentax 6x7 da na tsohuwar Hasselblad ta hanyar adafta, fokas da hannu. Ga hoton situdiyo inda mutum yake zaune, hanya ce mai sauƙin kuɗi. Mamiya mai 80 f/1.9 da Pentax mai 105 f/2.4 suna da laushin da fata take so. Hattara da abu uku. Gilashin RB67 ba shi da zoben fokas, jikin kyamarar ne yake tura shi gaba da baya, don haka adafta marar wannan tsarin ba za ta yi ba. Gilasan Canon da Nikon an yi su ne su rufe da'irar milimita 43, GFX tana son 55, shi ya sa da yawansu suke baƙanta kusurwoyi, in kuma ka yanke ka koma girman ful firem ɗin da ka gudo. A Hasselblad X kuwa babu shotar ƙarfe a jiki, baƙon gilashi sai da ta lantarki, wadda ba ta tafiya da filasha kuma tana jawo layi-layi a ƙarƙashin fitilun LED.

Mataki na 8: Gwaji kafin kuɗi ya bar hannunka

Yawancin abin da zai iso mana na hannu ne, daga Legas, Abuja ko wani ɗan'uwa a waje. Kada ka tura cikakken kuɗi a kan hoton WhatsApp. Cire marfi biyu, buɗe ƙofar haske, haska tocilan ta baya ka duba ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce. Zare-zare kamar saƙar gizo fumfuna ce, hazo fari yana kashe launi, baka-gizo a gefe alama ce gilasan da aka manne sun fara rabuwa. Karce a gilashin baya ya fi na gaba illa. Ganyen ƙofar haske su kasance a bushe, ba maiƙo. A mai shotar ciki, saurari daƙiƙa ɗaya da rabin daƙiƙa, in tana jan ƙafa tana buƙatar gyara, mai gyaran irinta kuwa ba a kowace kasuwa yake ba. Tsofaffin Pentax 105 suna yin rawaya, wannan ba fumfuna ba ce, ana gyara launin. Mai 110 na GF yana ƙwanƙwasa a ciki in an girgiza shi kyamara a kashe, haka aka yi shi.

Daga nan ka kafa mai ƙafa uku a gaban katangar bulo, ka ɗauka a buɗe, sannan a f/5.6 da f/8. A kwamfuta ka kwatanta kusurwoyi huɗu. In ɗaya ta dushe sauran suna da kaifi, gilashin ya taɓa faɗuwa, mayar wa mai shi.

Mataki na 9: Hunturu da damina

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura ce abokiyar gaba, kuma farantin GFX a buɗe yake da zarar ka cire gilashi. Canza gilashi cikin mota ko ɗaki, bakin kyamara yana kallon ƙasa. Hura ƙura da famfon roba kafin ka goge, in ba haka ba yashi zai karce. Wannan ma dalili ne na zaɓen gilashi ɗaya da zai yi maka yini. A Yuli da Agusta kuwa laima ce. Kada ka bar gilashi cikin jaka a ƙasan gado, ajiye shi a roba mai murfi da ƙwayoyin silika, ka riƙa fito da shi yana ganin haske.

Ga abin da zan ce wa mai shago a Unguwar Boro da ya riga ya ƙudura. Fara da mai 45 ko mai 50 idan ɗakinka ƙarami ne, mai 63 idan kana da tsawon mita 5. Mai bin bukukuwa da jiki ɗaya ya ɗauki zum. Mai 110 ya jira har ka sami wuri mai tsawon mita 7, ko masu hoton kafin aure sun yawaita a littafinka. Idan kuma hotunanka a waya suke ƙarewa, ba ka buga abin da ya wuce inci 12 da 16, ka bar midiyam fomat tukuna, ka sa kuɗin a fitilu masu kyau da batirin ajiyar wuta.